Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Ƙuraje, Ƙiba da Barcin Ɗiyanmu

Ƴan uwana mata, na ƙungiyoyin asusu na cikin Damagaram da na Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure. Ina fatan zubi na tafiya daidai, waɗanda kuma lokacin fasa asusunsu ya yi, Allah ya sa albarka a rabo.

Yau ba maganar riba ko ta bashi na kawo muku ba, ko da yake daga bashi zancen ya taso. Maganar ƙurajen fuska ce. Na san wata za ta ce, haba shugaba, duk matsalolin da ke gabanmu sai ƙurji? To ku yi haƙuri ku karanta, za ku ga yadda ƙurjin nan ke cin kuɗin akwatinmu, wani lokaci ma har da lafiyar ɗiyanmu.

Bashin jika 15

Cikin bazarar bara ne, ranar zamanmu na sati bayan la'asar. An gama zubi, an zo kan masu son bashi. Wata ƴar ƙungiyarmu mai saida ɗanwake ta ce jika 15 take so. Dokarmu ita ce mai ɗaukar bashi ta faɗi abin da za ta yi da shi. Kullum amsarta wake da garin rogo. Ran nan sai ta yi ƙasa da murya ta ce na ɗiyarta ne. Yarinyar shekararta 18, an sa bikinta bayan Babbar Salla, ga fuska ta lalace da ƙuraje. Wai wata mai kayan gyaran jiki ta ce za ta haɗa mata mai da sabulu da ƙwayoyi, kafin sati uku fuska ta yi sumul.

Mai rubutunmu ta buɗe littafi. Ashe a zagayen nan kaɗai wannan ne bashi na huɗu da aka nema da sunan gyaran amarya. Ba mu ce a'a ba, ba mu ce i ba. Muka roƙe ta ta ba mu sati guda.

Washegari na je gidan. Da na ga yarinyar sai da gabana ya faɗi. Na san ta siririya tun tana talla. Yanzu fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu suna nan sirara. Ƙurajen ba fuska kaɗai suka tsaya ba, har ƙirji da kafaɗu da baya, duka girmansu ɗaya kamar an watsa gero. Na ce, "Ɗiyata, me kike sha?" Ta yi shiru, sai can ta ce, "Inna, dangin mijin ne suka ce na cika rama." Ta ɗauko wata leda daga ƙarƙashin katifa. Wata uku ke nan tana shan ƙwayoyin ƙiba, kuma ta ce rabonta da barcin kirki tun da ta fara.

Muka tafi likitar unguwa ni da uwarta. Malamar da ta duba ta ba ta fara da fuskar ba. Tambaya biyu ta yi: "Kilo nawa kike da, kilo nawa kike yanzu?" Sannan, "Awa nawa kike barci?" Ni dai na yi mamaki. Me ya haɗa ƙurji da sikeli, me ya haɗa shi da matashin kai? Shi ya sa daga baya muka gayyace ta zaman ƙungiya. Ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou kuma ta zauna da ni ta fassara mini abin da masana suka rubuta da Faransanci. Abin da na tattara ke nan na kawo muku.

Yadda ƙurjin ke fitowa

Fatar fuska da ƙirji da baya cike take da ƙananan ramuka inda gashi ke tsirowa. A gindin kowane rami akwai wata ƴar jaka mai fitar da maiƙo don kada fata ta bushe. Abu huɗu ke haɗuwa su ba da ƙurji: maiƙon ya yi yawa, bakin ramin ya toshe da matacciyar fata, wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu abinci ta hayayyafa, sannan wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa.

Mai ba jakar nan umarni ta ƙara maiƙo su ne sinadaran jiki da ake kira homon, musamman waɗanda ke tasowa lokacin balaga. Shi ya sa masana ke ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen nan, da yawa ko kaɗan. A wani babban lissafin cututtukan duniya na shekarar 2010, ƙurajen fuska ne suka zo na 8 wajen yawa. Akwai gado ma a ciki: in uwa ko uba sun yi fama da su, ɗiya ta fi kusa da samu.

Saboda haka ba ƙazanta ba ce, ba dattin jini ba ne, ba kuma alamar yarinya ta matsu da aure ba ce kamar yadda ake tsokanarsu. Gyaɗa da ƙuliƙuli da muke ɗora wa laifi ma bincike bai kama su da hannu dumu-dumu ba. Kuma a bambanta su da ƙurajen zafi, waɗannan ƙanana masu ƙaiƙayi da ke fesowa a wuya da baya cikin bazara. Su gumi ne ke kawo su, in gari ya yi sanyi su tafi.

To ina ƙiba ta shigo?

A nan sai mu bi a hankali, don a garin nan jiki abin so ne. In mace ta yi ƙiba cewa muke ta samu kwanciyar hankali, mijinta na kula da ita. In amarya ta rame a ce gidansu ba a ci. A ɗaya ɓangaren kuma, jiharmu ta san yunwa da tamowa, kuma ƴan mata da yawa jininsu bai isa ba. Don haka ba zan zo in ce kowa ta rage ci ba, Allah ya kiyaye.

Ga abin da malamar ta bayyana. In mun ci abin da ke saurin zama sukari cikin jini, irin su burodi, fanke, farar shinkafa, taliya, lemun kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, jiki na fitar da sinadarin insulin don ya kwashe sukarin. In kitse ya taru, musamman a ciki, jiki ba ya jin maganar insulin da wuri, sai a riƙa fitar da shi da yawa. Shi kuma insulin mai yawa yana zuga sinadaran da ke sa jakar maiƙo aiki. Hanyar da ake zaton ƙiba da abinci ke bi su isa fuska ke nan.

Akwai binciken da ya goyi bayan haka. A 2002 an buga labarin wasu masana da suka duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papuwa Niyu Gini, mutanen da abincinsu doya, dankali, kifi da kwakwa ne, ba su samu ko mutum guda mai ƙurajen fuska ba. A 2007 kuma, a birnin Melbon na Ostareliya, an raba samari 43 gida biyu na tsawon sati 12. Waɗanda aka sa su cin abincin da ba ya saurin ɗaga sukari, ƙurajensu sun fi raguwa, kuma nauyinsu ya ɗan sauka. A 2012 an fitar da binciken dubban matasa masu shekara 18 da 19 a birnin Oslo na Norwe, aka ga ƴan mata masu nauyi sun fi yawan ƙuraje.

Amma fa ku ji ɗaya gefen. A 2019 an duba bayanan matasa sama da 600,000 a Isra'ila, sai aka samu akasin haka: masu ƙiba ne suka fi ƙarancin ƙuraje. Kun ga ke nan sikeli kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai siririya mai fama da su, akwai mai jiki da fuskarta kamar ta jariri. Kada wata ta je gida ta ce wa ɗiyarta ƙibarki ce ta ja miki.

Inda ƙiba ke zama abin lura shi ne in ta zo da rakiya. Mace ce nauyinta ke ta hawa, al'ada na tsallake wata biyu ko uku, gashi na fito mata a haɓa ko ƙirji, ƙuraje sun kafe a muƙamuƙi har ta wuce shekara 25, wuya ko hammata sun yi baƙi kamar datti amma ba ya wankuwa. Wannan yana iya zama ciwon da likitoci ke kira PCOS, masu Faransanci su ce SOPK, wato rikicewar sinadaran da ke tafiyar da ƙwan mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a gano suna da shi ba. Yana cikin manyan abubuwan da ke jinkirta samun ciki, kuma yana kusantar da mace ga ciwon sukari. Mata nawa muka sani da aka yi ta kai su wurin masu magani, aka ce iska ce ko sammu, aka yi musu kishiya, alhali fuskarsu ta daɗe tana ba da labari? Ga irin wannan matar, rage ko da kashi 5 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 ga mai kilo 80, yana iya taimaka wa al'ada ta daidaita.

In kina son sanin inda kike, a likita ana haɗa nauyi da tsayi a fitar da lissafi. Misali, babbar mace mai tsayin mita 1 da santimita 60: in ta kai kilo 64 ta fara wuce daidai, in ta kai 77 ta shiga ƙiba mai cutarwa, in kuma ta gaza 47 ta rame da yawa. Na ƴan ƙasa da shekara 18 lissafinsu daban ne, a bar wa malaman likita.

Garin neman ƙiba

Mu koma kan ledar yarinyar nan. Malama ta zazzage ta bisa tebur, ta ware iri biyu. Ɗaya sunansa siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, amma yana buɗe ciki ya sa kasala. Ɗayan deksametazon, wanda ake ce wa deksa. Haɗin da ake kira sha ka fashe galibi su ne a ciki. Deksa magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa ga wasu cututtuka, da awo, na ƙayyadadden lokaci. In aka sha shi wata da watanni, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya cinye naman hannu da ƙafa, ya kawo nankarwa, hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Yana hana barci. Kuma shi da kansa yana fitar da ƙuraje, irin masu girma ɗaya da na gani a ƙirjinta da bayanta.

Kun ga inda ukun suka haɗu: ƙiba, rashin barci da ƙuraje, duka daga leda guda. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wani abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne man da aka so a saida mata. Yawancin mayukan ƙara haske suna ɗauke da dangin deksa ɗin nan, irin su kolobetazol da betametazon, wasu da hidirokinon, wasu ma har da zaiba. Satin farko fuska ta yi haske, ja ya kwanta, a ce mai ya karɓe ta. Daga baya fata ta yi siriri, ƙuraje su dawo ninki, kumatu su ƙone. Sai a koma wurin mai saidawa ta ba da wanda ya fi ƙarfi. Da mun ba da jika 15 ɗin nan, da kuɗinmu ne ya ƙara wa wuta makamashi.

Ga gargaɗi babba, don Allah ku isar: wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta daina rana ɗaya. Jikinta ya saba, ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita har ya kai ga rai. A je likita da ledar a hannu, a faɗi gaskiya, su za su tsara yadda za a riƙa ragewa.

Barcin da ba mu ɗauka a bakin komai ba

Yanzu kowace ta tambayi kanta, awa nawa ɗiyarta ke barci? Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Da muka zagaya da tambayar a zamanmu, dariya aka yi ta yi, don kusan ba wadda ta kai.

Dalilan kuwa mun san su. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce awo 40, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya. A fito tsakar gida, sauro ya ce bismilla. Ga maganar ruwa, wadda ba baƙuwa ba ce a Damagaram: famfo ya zo ƙarfe 2 na dare, wa ake tayarwa ta jera bokiti? Budurwar gida. Mu masu suya da dahuwar saidawa, wa ke tashi kafin asuba ta kai niƙa ta hura wuta? Ita ce dai. Ta wuce lakkol ko talla, ta dawo ta yi wanke-wanke. Lokacin da ya rage nata na kanta shi ne dare, sai ta ja mayafi ta kunna salula, WhatsApp da TikTok da fassarar Indiya har ƙarfe 1.

Me rashin barci ke yi wa jiki? A 1999 masana a Jami'ar Chikago ta Amurka sun sa samari 11 masu lafiya kwanciyar awa 4 kacal na dare 6 a jere. Cikin wannan ɗan lokacin jikinsu ya rage iya sarrafa sukari, kuma sinadarin damuwa mai suna kotizol ya hau da maraice. A 2004 suka sake gwadawa da samari 12: dare 2 na gajeren barci ya ƙara musu yunwa, musamman kwaɗayin zaƙi da abin fulawa. Wato mai ƙarancin barci ta fi kusa da ƙiba. Ita kuma ƙiba mai yawa tana kawo minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, mutum ya kwana amma ya tashi a gajiye. Kowanne na tura ɗan uwansa.

Game da fuskar kanta, a 2003 an bi ɗalibai 22 a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka ga ƙurajensu na ƙaruwa lokacin jarrabawa, gwargwadon damuwar da suke ciki. A Faransa kuma, binciken 2015 ya nuna masu ƙurajen fuska sun fi yawan cewa suna tashi da gajiya. Waɗannan binciken sun nuna abubuwan biyu suna tafiya tare. Wani lokaci rashin barci ne ke tsananta ƙurajen, wani lokaci kuma damuwar fuskar ce ke hana yarinya runtsawa, tana kwance tana tunanin abin da ƙawaye suka ce. Barci shi kaɗai ba zai warkar da ƙuraje ba. Amma cikin duk abubuwan da na lissafa, shi ne wanda ba a saya da ko dala, kuma mu uwaye ne ke riƙe da mabuɗinsa.

Abin da za a yi a gida

A wanke fuska sau 2 a rana da sabulu mara ƙarfi, da hannu, ban da soso ban da dirza. A bar matsa. Mu masu baƙar fata, ƙurji na tafiya ya bar baƙin tabo da kan yi watanni, kuma matsa ce ke ƙara shi. Wannan tabon ne ke kai ƴan mata ga man haske. A guji shafa lemun tsami, toka, man goge baki ko kanwa, ƙona fata suke yi. In ƙurajen sun taru a goshi, a duba man kitso da basilin, don suna gangarowa su toshe ramuka. A riƙa wanke hijabi, ɗankwali da rigar matashi a kai a kai.

Wajen abinci, ba sabon abu za a sayo ba. A rage lemun kwalba, a rage sukarin shayi da na fura da kunu. Alkakinmu da aka san Damagaram da shi a bar shi na biki da tsaraba, ba na kullum ba. A yawaita wake, zogale, rama, yakuwa, tafasa, da hatsin da ba a surfe shi ya yi fari fat ba. In za a ci shinkafa ko taliya a haɗa da wake da ganye. Nono abinci ne mai gina jiki, kada a hana yarinya shi. Kada kuma budurwa ta shiga zama da yunwa da sunan gyaran fuska.

Wajen barci, a raba tashin dare tsakanin ƴan gida, har da samari, kada ya zama kullum mutum guda. Wadda ta tashi tsaron famfo a bar ta ta yi ƙailula. A ɗaura gidan sauro ko a tsakar gida ne. Shayi mai ƙarfi da kofi a tsaya da su tun la'asar. Salula ta kwana a ɗakin uwa, kuma uwar ma ta ajiye tata, don in ba haka ba wa'azin ba ya shiga.

Yaushe za a je likita? In ƙurajen manya ne masu zafi a ƙarƙashin fata, in suna barin rami, in an yi wata 2 zuwa 3 ana kula ba sauyi, in akwai alamomin al'ada da gashi da na faɗa, in an sha ƙwayar ƙiba ko an daɗe ana shafa man haske, ko in yarinya ta daina fita, ta daina zuwa lakkol, tana yawan kuka. A fara da likitar unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Akwai magungunan gaskiya, na shafawa irin su benzoyil feroksid da adafalen, da na sha. Amma suna son haƙuri: sati 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauyi, wani lokaci har 12. Duk mai ce miki sati guda, ki riƙe kuɗinki.

Amare da masu neman haihuwa, ku ji wannan da kyau: wasu magungunan ƙuraje suna cutar da ɗan ciki, musamman izotiretinoyin, haka ma doksisiklin da adafalen ba na mai ciki ba ne. Ki faɗa wa mai rubuta miki magani in kina da ciki ko kina sa rai. Wasu matan kuma suna ganin ƙuraje bayan allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu. Kada ki yanke da kanki, koma wurin ungozomar likita ku yi shawara, akwai wasu hanyoyin.

Abin da ƙungiyarmu ta yanke

Yarinyar nan an rage mata ƙwayar a hankali cikin makonni. Kuɗin maganin da aka rubuta mata bai kai jika 4 ba, daga asusun taimako muka fitar. Uwarta ta ɗauke mata tashin asuba, ƙanenta ya karɓi kai niƙa. Zuwa biki kumburin fuskar ya sauka, ƙurajen sun ragu sosai, amma tabo da nankarwa suna nan, ba zan yi muku ƙarya ba. An yi biki lafiya. Ni da uwarta muka je muka zauna da uwar mijin, muka gaya mata abin da kalmar "ta cika rama" ta jawo. Ta yi salati ta ce ita wasa take yi.

Zaman da ya biyo baya ya yi zafi. Na kawo shawarar kada akwatinmu ya ƙara ba da bashin sayen ƙwayar ƙiba ko man haske, ko na sha ko na sari. Ashe cikinmu akwai wadda da wannan sana'ar take biyan zubinta. Ta miƙe ta ce, "Shugaba, in kun hana ni, ku za ku ciyar da marayuna? In ban saida ba wata za ta saida." Maganarta tana da nauyi, kuma ba wadda ta iya ba ta amsa nan take. Sai da muka yi zama uku. Daga ƙarshe aka amince da dokar, aka kuma ba ta bashi mai sauƙin biya ta koma lalle, humra da turaren wuta. Har yau tana cewa ribar ba ta kai ta da ba, kuma gaskiyarta ne. Amma tana nan cikinmu.

Mun ƙara abu biyu. Mun sayi sikeli na ƙungiya, mai so ta hau sau ɗaya a wata, ba mai leƙa na wata. Kuma duk wadda za ta aurar da ɗiya, mata biyu daga cikinmu za su raka su likita wata 3 kafin biki, tun kafin masu leda su riga mu.

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne muna tambayar juna: kuɗin nan me za ki yi da su? Wannan tambayar ce ta ceci yarinyar nan. Ina roƙon kowace shugaba da kowace mai rubutu, ku buɗe littafinku ku ƙirga bashin gyaran amarya nawa kuka bayar bana. Sannan a zamanku na gaba ku karanta wa waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba wannan takarda, ku zagaya da tambayoyin malamar nan biyu. In kin koma gida kin ga ƙuraje a fuskar ɗiyarki, kafin ki tambayi wane mai za a saya, tambaye ta me take sha, yaya al'adarta, ƙarfe nawa ta kwanta jiya, kuma me ke damunta. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a asusunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.